Muryar Kakana a Mita Goma Sha Tara

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a a nan Dutse, na yi wani kuskure da har yau in na buɗe manhajar rediyon da ke kwamfutata sai haushin ya dawo min sabo. Rabin haushin na kaina ne. Ɗaya rabin na waɗanda suka rubuta manhajar ne, kuma gaskiya ban gama huce musu ba.

Bari in fara da na'urar, saboda waɗanda ba su san ta ba. Wata 'yar aba ce kamar filash. Ana soka ta a jikin kwamfuta, a ɗaura mata eriya, sai kwamfutar ta koma rediyo. Ita na'urar kunne ce kawai. Sauran aikin duka, neman tasha da tace hayaniya da naɗar murya, manhaja ce ke yin sa. Masu sha'awar abin a ƙasashe daban-daban su ke rubuta irin waɗannan manhajoji a lokacin hutunsu, su sake su kyauta. Ni kuma a lokacin ba ni da abokin hira da ya wuce ta. Ba na zuwa gidan kallon ƙwallo, ban iya zaman majalisa ba, in malami ya nuna ni a aji sai muryata ta maƙale. Amma in na dawo ɗaki na kunna abin nan, allo ya yi shuɗi, tashoshi suka fara gangarowa a kansa kamar zare-zare masu haske, sai in ji na zo inda na iya. Ina da littafi mai bangon kwali da nake rubuta duk abin da na kama, da rana da lokaci da lamba. Abokina da muke ɗaki ɗaya yana kirana mai sauraron aljanu.

Sau ɗaya na taɓa cika baki a rayuwata, kuma a gaban kakana na yi shi, ranar wata Sallah. Na ce masa kwamfutata tana kama tashar da rediyonsa ba zai ko ji ƙamshinta ba, kuma tana riƙe murya a ajiye ta har abada. Ya dube ni ya ce ya ji.

Kakan nawa mahaifin mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye bayan Kiyawa. Tun da na buɗe ido na san shi da rediyo mai rigar fata a rataye a kafaɗa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zama a ƙofar gida. A daminar wannan shekarar, ruwa ya shige shi ya mutu, mai gyara ya ce ba a samun kayansa yanzu. Aka kawo wa Kaka ƙaramin rediyo irin na zamani, ya juya shi sau biyu ya mayar, ya ce wannan ba ya jin nesa.

Wata ranar Alhamis da yamma ya kira ni. A ƙauyen sai an je gindin wani dutse bayan masallaci ake samun sabis, saboda haka in ya kira to magana ce.

"Abokina, akwatin nan naka da ka ce yana kama murya ya riƙe, gaskiya ne ko irin zancenku ne na 'yan boko?"

Na ce gaskiya ne, Kaka.

"To ka zo da shi jibi. Za a sa ni a rediyo."

Ashe kwanakin baya wakilin wata tashar waje mai watsa shirye-shirye da Hausa ya same shi a kasuwar Shuwarin, ya ɗauki muryarsa a kan yadda ake ajiye wake da gero a rumbu su shekara ba tare da an zuba musu maganin ƙwari ba. A ranar wakilin ya aiko cewa shirin manoma zai fito ranar Asabar da ƙarfe biyu da rabi na rana, sau ɗaya, a gajeren zango. Mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana jin muryoyin wasu, yau tasa za a sa. Abin da yake so shi ne ya ji ta, kuma a riƙe ta, 'ya'yansa da ke nesa su ma su ji.

Na ɗauko biro na tambaye shi lambar tashar. Ya ce mita goma sha tara, in ta ƙi, sha shida. Na rubuta 19 da 16 a littafina, na ja musu layi biyu.

Ni ɗan zamanin FM ne. A wurinmu in an ce tasha kaza tana kan lamba kaza, lambar ake nema kai tsaye. Manhajar kuma tana da wani ɗan akwati a sama inda ake rubuta lamba, da megahaz a gefensa. Don haka a kaina magana ta ƙare: in rubuta goma sha tara, in ji Kaka.

Ranar Juma'a da safe na gwada. Babu komai sai shuuu. Ban damu ba, domin na san tashoshin gajeren zango ba yini suke yi a buɗe ba, kowace da lokacinta. Lokacin wannan kuwa ya faɗa daidai da sallar Juma'a, kafin in dawo daga masallaci sun rufe. Sai na juya ga sauran shiri. Na yi jerin abubuwa goma sha uku a littafi. Na cika batir. Na je kasuwa na yanko wayar wuta mai tsawo don eriya, na auna ta da tef. Na share tarkacen da ke cikin kwamfuta don a samu wurin ajiya. Har ƙaramar sifika na aro daga abokina saboda tsofaffi su ji da kyau. Na binciki komai, ban da abu ɗaya da na ɗauka na sani.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kiyawa, daga nan acaɓa ya ƙarasa da ni. Tun daga nesa na hango abin da ban zata ba. An shimfiɗa tabarmi uku a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Kaka ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Bayan an idar da azahar dattawa kusan goma suka biyo shi suka zazzauna. Ni a zatona ni da shi ne a zaure.

A cikinsu akwai amininsa tun na yarinta, wani tsohon tela da ke zaune can ƙarshen gari, tsallaken fadama. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce sannu injiniya. Ya ce shi da ya so ya taho da rediyonsa, amma Malam, wato Kaka, ya hana, wai kada ya kawo gwangwaninsa ya kunyata su a gaban na'ura. Kaka ya ce ai gaskiya ya faɗa, rediyon da sai an mare shi yake magana ba na zuwa taro ba ne. Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Na cilla wayar a kan reshe, na zauna na buɗe kwamfuta. Nan manhajar ta fara nuna min halinta. Duk saitin da na yi jiya ta manta da shi, sai da na sake bin shafi uku ina kunna abin da na riga na kunna. Sannan allon. Waɗanda suka zana shi a ɗaki mai duhu suka zana shi, rubutu toka-toka a kan baƙi, ƙanana kamar ƙwan kiyashi. A hasken ƙarfe biyu na rana, ko a inuwa, fuskata kawai nake gani a ciki. Sai da kakata ta miƙo min tsohon mayafinta daga zaure na lulluɓe kaina da kwamfutar. Haka na zauna a gaban dattawan gari, kamar mai turaren zazzaɓi.

Biyu da rabi ta yi. Na rubuta goma sha tara.

Shuuu.

Na jira. Na ƙara ƙarfin kamawa, shuuu ɗin ya ƙara ƙarfi. Na rubuta goma sha shida, duk ɗaya. Na koma sha tara na matsa gaba kaɗan, na dawo baya kaɗan. Allon fayau, ko zare ɗaya babu. Na fito daga mayafi na duba waya, tana nan a ɗaure. Na koma.

Tsohon telan ya gyara zama ya ce, "Malam, ashe a kan ruwan sama ka yi musu bayani? Ga shi kuwa yana zuba."

Kaka ya ce, "Kai dai yi shiru. Kwamfuta sai ta yi ɗumi."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Yana kare ni, agogon da ke kusurwar allo kuma yana tafiya. Biyu da talatin da biyar. Da talatin da bakwai. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan maɓallai.

Sai na ji an ɗaga gefen mayafin. Kaka ne ya leƙo. Ya tambaye ni a hankali ina tsinken yake, ja ɗin nan da ke tafiya in ana neman tasha, in nuna masa ya gani. Na ce babu tsinke. Ya ce to ina abin murɗawa. Na ce babu shi. Ya dubi allon, sannan ya ce, "To ta ina ake shiga?"

A waje telan yana cewa ko da ya tashi yanzu, da gwiwar nan tasa, kafin ya je gida ya ɗauko rediyonsa ya dawo an shiga labarin wasanni. Sauran kuma duk rediyon waya suke ji, wanda bai wuce FM ba.

Kakata ce ta yi magana daga bakin zaure. Ita ba ta yi boko ba, kuma tun ina yaro maigidanta take kirana.

"Maigidan, wai lambar ce ta ɓace maka? Ai a rubuce take a jikin mataccen nan."

Ta shiga ta fito da tsohon rediyon Kaka, wanda ta ajiye a kan kwallarta tun da ya mutu. Ta ce shekara da shekaru tana goge gilashin nan, ta san layin rubutu biyu ne, na sama da na ƙasa. Na karɓa na duba. A layin sama an rubuta 49, 41, 31, 25, 19, 16, kowace da ƙaramin harafin m. A layin ƙasa wasu lambobi ne daban. A ƙarƙashin goma sha tara, goma sha biyar ce da ɗoriya.

Mita tsawon zangon ce, ba lambar da ake rubutawa a akwati ba. Ana raba ɗari uku da mita ne a samu megahaz. Na san wannan lissafin. Na ci shi a jarrabawar aji ɗaya, har malamin ya yi min alamar yabo a gefe. Ban taɓa haɗa shi da maganar da nake ji a bakin kakana tun ina rarrafe ba. Waccan karatu ce, wannan zancen tsofaffi ne, a kaina ba su taɓa gaisawa ba.

Na rubuta sha biyar da ɗigo huɗu. Nan take allon ya cika da zare, bakwai ko takwas a jere. Cikin ruɗu na danna jan maɓallin naɗa tun ban san wacce ce tamu ba, sannan na shiga nema.

Kaka ya shigo cikin mayafin gaba ɗaya, kunnensa a jikin sifika. Na taɓa zare na farko. Ya ce waɗannan Larabawa ne, in wuce, tamu tana gaba da su kaɗan, kafin masu Faransanci. Shi tashar da maƙwabtanta ya san ta, kamar yadda ake kwatancen gida. Na ja yatsa a kan faifan kwamfutar, yatsan ya jiƙe da gumi, na faɗa can cikin wani kiɗa. Ya ce na tsallake ta. Na dawo, na sake faɗawa kan Larabawa. Na koma amfani da maɓallan kibiya, su kuma tafiyar hawainiya suke yi, sai ka danna sau hamsin kafin ka ji bambanci. Akwai wurin da ake canza girman takun, amma yana cikin wani shafi da a wannan lokacin na kasa tuna inda yake.

"A hankali, abokina. Koma baya kamar ƙwayar gero."

Na dubi hannunsa. Babban yatsa da manuniya suna murɗa iska, a hankali, daidai yadda zai yi da a ce akwai abin murɗawa. Da na ba shi abin da hannunsa ya saba da shi, da cikin daƙiƙa biyar ya same ta.

Sai muryar ta fito, tana hawa tana sauka kamar yadda gajeren zango ke yi.

"...in aka yi haka, to da yardar Allah har wata damina ba abin da zai taɓa shi."

Mai gabatarwa ya ce an gode wa wannan dattijo daga Jihar Jigawa, ya wuce zuwa farashin taki.

Na cire mayafin. Telan ne ya fara magana, ya ce to alhamdulillahi, an dai ji an ce har wata damina. Wani ya ce lallai muryar Malam ce, ba shakka. Kaka ya tambaye ni ko an kama wannan ɗin da aka ji. Na ce an kama. Ya ce to ya isa. Ya tashi ya cire babbar rigar, ya ninke ta a hannu ya shiga gida. Kakata ta kawo min dambu, na kasa ci, ta ce maigidan da ba ya cin abincin matarsa sai a kai shi gaban alƙali. Ko wannan bai sa na yi murmushi ba.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Da na dawo Dutse na buɗe abin da na naɗa, sai na tarar da wani ƙaton fayil da ya cinye kusan duk wurin da na share. Na danna shi, manhajar sauraron waƙa ta ƙi buɗewa. Na gwada wata, ta buɗe, sai wani ƙara kamar injin markaɗe. Ke nan ko jimla ɗayar da na ce wa Kaka an kama, ba a kama ba.

Kwana goma na yi a haka. Na duba shafin tashar, ba su ɗora wannan shirin ba. Na aika musu saƙo, shiru. Mahaifiyata ta kira sau uku tana so ta ji muryar babanta, ina ce mata ina kan gyarawa. Sau biyu na ɗora yatsa zan goge fayil ɗin domin ina bukatar wurin don aikin makaranta, sai dai halina na rashin iya zubar da ko tsohuwar takarda ya hana ni.

Abokina ya gaji da ganin fuskata, ya ce in ina da ƙorafi in kai wa masu abin, in daina yi wa bango tsaki. Masu manhajar suna da zauren tattaunawa a intanet, ina karantawa kullum amma ban taɓa cewa uffan ba. A lokacin kuwa an buɗe wata doguwar muhawara a kan inda ya kamata manhajar ta dosa nan gaba, kowa ya faɗi abin da yake so a ƙara. Na karanta ta tun daga farko. Wani yana so ya riƙa sarrafa rediyonsa da ke gida ta waya alhali yana wata nahiya. Wani yana so ya haɗa na'ura huɗu lokaci ɗaya. Wani yana so manhajar ta riƙa bin tauraron ɗan'adam da kanta, wani kuma ta riƙa gane irin siginar da ta kama ba tare da an gaya mata ba. Duk abubuwa ne masu kyau, ban ce ba. Amma duk mutane ne masu ɗaki da wuta da intanet, kuma kowannensu shi kaɗai yake sauraro.

Sai da na rubuta nawa sau uku a littafi kafin na iya turawa. Na ba da labarin a taƙaice. Na roƙi a sa layin mita a ƙarƙashin lambobi, yadda yake a gilashin kowane tsohon rediyo, kuma in mutum ya rubuta goma sha tara da harafin m, manhajar ta kai shi wurin. Na roƙi a yi launin da za a iya gani a rana. Na ce ta daina manta saiti. Na ce a sauƙaƙa haɗa ta da abin murɗawa na hannu, ko mai araha ne, domin akwai mutanen da iliminsu na rediyo a yatsunsu yake. A ƙarshe na ce jan maɓallin nan ya riƙa faɗin abin da yake naɗa, domin ni ya ba ni tulin ƙara.

Amsa ta farko ta ce ba wanda ke kiran tasha da mita tun zamanin kakansa. Na karanta na ce a raina, to ai maganar kakan ake yi. Duk ƙauyen da na sani da mita ake kiranta, kuma masu gabatarwa da kansu da mita suke sanarwa. Na biyu ya ce manhajar a buɗe take, in ina so in rubuta da kaina. Na uku ya ce allo mai haske yana ɓata ido, wani ya ce ƙarya ne, daga nan suka shafe shafi biyu suna faɗa a kan launi, aka manta da ni da kakana gaba ɗaya.

Kwana biyu bayan haka wani ya dawo da maganar. Daga rubutunsa dattijo ne, ya ce shi ma da mita ya koya. Tambaya ɗaya ya yi min: nawa ne girman fayil ɗin? Na gaya masa. Ya ce in haka ne ba tasha ɗaya na naɗa ba, zangon gaba ɗaya na kwashe, duk abin da ke kan allo a lokacin. Ya ce kada in buɗe shi da manhajar waƙa. In buɗe shi a cikin manhajar rediyon kanta, a wurin da ake zaɓen na'ura, in zaɓi fayil a maimakon eriya.

Na dawo daga lacca da la'asar na gwada. Zaɓin yana nan, can ƙasan wani jeri, da suna mai haruffa biyu da ba su nufin komai ga wanda bai riga ya sani ba. Na danna. Allon ya yi shuɗi, zare bakwai ɗin nan suka fara gangarowa. Ranar Asabar ɗin ce ta dawo sukutum, da Larabawanta da masu Faransancinta. Ba mai kallona, ba gumi. Na wuce Larabawa kaɗan, na tsaya.

Kaka ne, yana magana a natse, har da 'yar dariyarsa. Duk lokacin da muke cikin mayafi muna lalube, yana nan a ciki, taku ɗaya daga inda nake ta tsallakewa. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Abin da ya gabata kafin in danna jan maɓallin, wannan ya tafi.

Ya kamata in ce farin ciki na fara ji. Ba shi ba ne. Tsaki na ja, har abokina ya ɗago kai. Kwana goma sha biyu ina jin kunyar ɗaga wayar mahaifiyata, abin yana zaune a cikin kwamfutata. Manhajar ta yi abin da babu rediyon da zai iya yi, ta ajiye sararin sama guda na minti huɗu, amma ta kasa rubuta min layi ɗaya ta ce ga abin da na ajiye maka, ga yadda za ka buɗe.

Na tace muryar na zuba a katin waya, na kai ƙauye ranar Asabar ta gaba. Wannan karon a zaure muka zauna, mu uku da telan. Kaka ya saurara sau biyu, kansa a sunkuye. Ya ce ashe haka ya tsufa. Ya ce kuma sun yanke masa wurin da ya yi maganar toka. Telan ya ce shi ba wannan ba, ina gaisuwar da Malam ya yi ta cika baki cewa ya aika masa ta rediyo? Kaka ya ce a farko ya yi ta, da sunansa da na unguwarsu. Telan ya juyo gare ni.

"Injiniya, kai ne shaida. Ka ji sunana a ciki?"

Na ce ban ji ba, Baba, amma farkon ne babu.

"To ka ji. Babu."

Wannan musun ba su daina shi ba har Allah ya yi wa Kaka rasuwa bayan shekara biyu. Ko a zaman makoki telan ya faɗa, yana share ido da bakin rawani, cewa mutumin nan ya tafi da gaisuwarsa.

Har yanzu ina amfani da manhajar, kuma har yanzu ina leƙa zauren. An ƙara abubuwa da yawa. Ana iya sarrafa ta daga wata ƙasa, tana bin tauraron ɗan'adam, an ma yi launi mai haske bayan an gama faɗan. Layin mita dai babu. Na zauna na koyi yadda ake rubuta shi, na rubuta, na tura musu. Aka ce in gyara tsarin rubutun, na gyara. Aka ce za a duba. A kwamfutata kaɗai yake aiki, kuma in ka rubuta goma sha tara a tawa, sai ta tambaye ka: mita kake nufi ko megahaz? Ba na zargin kowa da mugunta, mutane ne masu aikin sa kai, kuma kowa abin da ke damunsa yake gyarawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk lokacin da aka buɗe zancen gaba, sai a yi ta maganar nisan da manhajar za ta iya ji, ba a maganar wanda ke zaune a gabanta da yadda shi yake kiran abubuwa. Ni ma haka na yi. Na tambayi kakana lamba, ya ba ni amsa daidai, ban tambaye shi me yake nufi ba domin na ɗauka ni ne mai karatun.

Muryar tana cikin wayar mahaifiyata. Takan kunna ta in tana tsintar shinkafa ko tana ninkin kaya. Daga tsakiyar magana take farawa, Kaka yana cewa, "...sannan ka bar shi ya sha rana kwana uku." Kakata ta ce ganyen darbejiya yake nufi. Telan ya ce waken ne da kansa. Mahaifiyata kuma duk lokacin da nake kusa sai ta dakatar ta dube ni.

"Wai me ya ce a bari ya sha rana?"

In ce ban sani ba, Umma.

Sai ta mayar da shi farko ta sake kunnawa, ta matso da wayar kusa da kunne, kamar wannan karon zai fara daga baya kaɗan.